Faɗuwa Mai Yatsu Biyar

Mace ta rufa wa uban 'ya'yanta asiri, alheri ne ko cutar kai? Har yau ban sani ba. A bencin ƙofar kotu na ji wata dattijuwa ta dubi matashiyar da ke gefenta ta ce:

"'Yata, saki kika zo nema? Wannan shatin da kike ɓoyewa a hannu fa?"

"Faɗuwa na yi, Mama."

"Faɗuwa mai yatsu biyar? Ki gaya wa alƙali."

"Ba zan iya ba, uban 'ya'yana ne. Da ɗanki ne, kya so a tona shi?"

"Ai a kansa na zo ba da shaida. Surukata ma faɗuwar take ta yi, har kunnenta ɗaya ya mutu."

Da aka kira matashiyar, sai ta janye mayafin daga hannunta, ta shiga.