Ta Ce Kada In Taɓa

A ɗakin jira na asibitin awo, wani magidanci ya ɗora kwamfuta a cinya, sai share gumi yake yi. Wata dattijuwa mai tabarau da ke gefensa ta leƙo.

"Ɗana, me ka ɓata haka?"

"Manhajar matata ce, Mama. Ita ta rubuta abarta, da ita take karɓar odar ɗinki. Na ga ciki ya yi mata nauyi, na ce bari in sabunta mata laburaren, wato ƙunshin umarnin kwamfuta da manhajar ke aiki da shi. Yanzu wai ba a ga fayil ɗin saiti ba. Ga shi kuwa a inda yake kullum!"

"Ita ta sa ka?"

"Cewa ta yi kada in taɓa."

Dattijuwar ta yi dariya. "Rubuta manhaja aikina ne kafin in yi ritaya. Karanta saƙon kuskuren har ƙarshe. A ina ake neman fayil ɗin?"

"A wata folda da ban taɓa gani ba."

"To, sabon laburaren ya sauya wurin dubawa. Buɗe foldar da sunan nan, ka kwafa fayil ɗin ciki. Kwafa na ce, ba kwashewa ba."

Ya yi hakan, manhaja ta tashi. Ya sauke ajiyar zuciya.

"Allah ya saka da alheri. Don Allah, in ta fito daga wajen likita, kada ki gaya mata."

"Mai koren mayafi ce?"

"Kin san ta ne?"

"Tun ɗazu take tsaye a bayanka. Ita ta yi mini ido in cece ka."