Famfon Da Zai Yi Yoyo

"Ashe ku ne kuka kashe mana bakin rijiya," in ji tsohuwar da ke kan bencin jiran likita, da ta gane saurayin da ke gefenta mai ja wa gidaje famfo ne.

"Iya, ruwa fa muka kawo muku har tsakar gida. Bayanki ya huta."

"Baya ya huta, kunne ya mutu. A rijiya nake jin wadda ta haihu da wadda miji ya ɓata wa rai. Yanzu sai in yi mako ba mai yi mini sallama sai akuya."

"'Ya'yanki fa?"

"Suna birni, suna shan nasu famfon."

Saurayin ya sunkuyar da kai. "Ni tawa uwar tulu ne ya lanƙwasa ta. Ba ta ga famfo ba."

Tsohuwa ta daɗe tana kallonsa, sannan ta miƙe tana gyara mayafi.

"Gida na uku bayan makaranta. Famfona yana yoyo. Ka zo gobe da yunwarka."

"Sabon famfo, Iya?"

"Kafin ka iso zai yi."

Ta fita ta bugo ƙofa, ta ma manta likita ta zo gani.