Gwajin da Na Yi da Hannuna

Assalamu alaikum Hajiya mai gabatarwa, sannu da ƙoƙari. Sunana Rabi, daga Gude.

Sankarar bakin mahaifa ce ta yi ajalin yayata, domin kunya ta hana ta zuwa asibiti sai da jini ya ƙi tsayawa. Ni ma da aka ce in hau gadon gwajin cutar a asibiti, mayafina na ɗauka na fita.

Bara wata likita mai bincike kan cutar ta zo garinmu. Ta zauna da mu a tabarma, ta tambayi abin da ke hana mu zuwa, muka faɗa mata gaskiya. Da ta dawo, sai ta miƙo mini tsinke mai auduga, ta ce, "Yaya Rabi, shiga ɗakinki ki yi da kanki. Babu mai ganin ki."

Da aka gwada tsinken, an sami ƙwayar cutar, amma ba ta zama sankara ba. Aka yi mini magani, na koma tuyar ƙuli-ƙulina lafiya.

Ƙanwata ce har yanzu take jin tsoro, kuma ita kaɗai ta rage mini. Don Allah masu sauraro, yaya zan shawo kanta?