Kwaɗo a Ƙofar Gaba

A layin ganin likita, wani direba riƙe da ciki ya juyo wajen matar da ke gefensa.

"Ma'aikatan lafiya sun yi ƙoƙari, Hajiya. Sai da gudawa ta kwantar da rabin unguwa sannan suka rufe gidan abincin bakin tasha."

"Ai gwanaye ne," in ji ta. "Wai mai ciwon ciki kada ya taɓa tukunya. Tun makon jiya nake girki a haka, wa ya mutu?"

Direban ya zuba mata ido. "Ke ce mai girkin?"

"Ni ce. In ka samu sauƙi ka leƙo, ƙofar gaba kawai suka sa wa kwaɗo."

"Na sani," ya ce a hankali. "Ta baya na shiga jiya."