Ƙwayar da Na Baro a Gwadangaji

Ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu, wanda ya bar ni da numfashi har na tsaya gabanku yau. Baba Pasto, dattawa, iyayena mata na zumunta, sannunku.

Ga waɗanda ba su san ni ba, sunana Saratu, amma an fi kira na Maman Iliya. A Gwadangaji nake zaune. Shekara goma sha tara ke nan ina buga tulu in ana waƙa a zumuntar matan wannan ikilisiya. Ku yi haƙuri da ni, shaidata ba ta tsalle da guɗa ba ce. Zan faɗe ta yadda take.

Maigidana, Malam Dauda, ya rasu bara da damina. Ya dawo daga gonarsa ta shinkafa a Zauro, ya ce in ba shi ruwa. Kafin in fito da kofi ya kishingiɗa, shi ke nan. Gida ya cika da masu kuka, ni kuwa ina zaune a tabarma ina lura da wanda bai samu abinci ba. Muka kai shi gida Zuru, aka binne shi, muka dawo. Ko ɗigon hawaye ban yi ba. Mata suna cewa, "Kai, Maman Iliya akwai bangaskiya." Ba bangaskiya ba ce, 'yan'uwa. Ba na jin komai ne kawai.

Bayan mako uku ciwon kai ya matsa mini ta ƙeya. A asibiti aka ce jinina ya hau sosai, zuciyata kuma tana gudu fiye da kima. Likita ya tambaye ni ko ina da asma ko ciwon suga, na ce babu. Sai ya rubuta mini wata 'yar farar ƙwaya, irin wadda suke kira bita-buloka, ya ce aikinta ta rage wa zuciya gudu don jini ya sauka. Guda ɗaya kowace safiya. Ya ce, "Ko kin ji sauƙi kada ki daina da kanki. In ta dame ki, ki dawo." Na ce to. Kunne dai ya ji.

Jini ya sauka, ciwon kai ya tafi. Amma tafin hannuna da ƙafafuna suka riƙa yin sanyi, ga kasala kamar na yini ina daka. Abin da ya fi damuna shi ne ranar Lahadi. A da, in mata suka ɗaga waƙa na sa hannu a bakin tulu, ƙirjina yakan buga tare da shi har zufa ta jiƙa mini ɗankwali. Yanzu hannu yana bugawa, ƙirji shiru. Ina tsakiyarku amma kamar mai leƙen biki ta katangar maƙwabta.

Sai na ɗora wa ƙwayar laifi. Na ce ita ce ta kashe mini ruhu. Ban koma wurin likita ba, ban faɗa wa kowa ba.

Da taron zumuntar mata na kwana huɗu ya zo a Argungu, na haɗa kayana ranar Alhamis da safe: zanen zumunta, tabarma, bokiti, kwano, da tuluna a naɗe cikin tsohon zane. Na ɗauki katin ƙwayar, na juya shi a hannu, na ajiye a bakin taga. Na ce, "Ubangiji, zan zo gabanka ba tare da wannan ba, ka mayar mini da zuciyata." Na kulle ƙofa na tafi. Ina so ku sani, babu wanda ya koya mini haka. Baba Pasto bai taɓa cewa a bar magani ba. Ni na ƙulla abina, na sa masa suna bangaskiya.

Ranar farko ban ji komai ba. Rana ta biyu kai ya fara sarawa, na ce zafin rana ne da kwanan aji, don a makaranta aka sauke mu. Ranar Asabar da yamma aka kira gundumarmu mu yi waƙa. Muka jeru a fili, na zauna, na rungumi tulu. Muna shiga baiti na biyu sai ƙirjina ya fara dukan uku-uku.

Kun san abin da na ce a raina? Na ce, "Ya dawo." Wata bakwai ban ji wani abu mai kama da murna ba sai ranar. Zufa tana zuba, ni kuwa ina ƙara wa tulu ƙarfi. Ina tsammanin Ruhu ne ya sauko mini, ashe zuciyata ce take neman tsayawa.

Daga nan sai na ji kamar an ɗora mini buhun shinkafa a ƙirji. Hannun hagu ya yi nauyi, numfashi ya ƙi shiga. Tulun ya zame daga cinyata ya fashe. Malam Dauda ne ya sayo mini shi shekarar da aka haifi autarmu. Na dubi gutsattsarin a ƙasa, ban ji komai ba.

Wata 'yar'uwa daga zumuntar Argungu, Sista Talatu, nas ce da ta yi ritaya, ta ture mata ta durƙusa gabana. Ta kama wuyan hannuna tana duban agogonta.

"Maman Iliya, kina shan maganin hawan jini?"

"Ina sha. Na baro shi gida."

"Mantuwa kika yi?"

"A'a."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce a tsayar da keke mai ƙafa uku, ta shiga tare da ni, ba ta saki hannuna ba har asibiti.

Likitan da ya duba ni saurayi ne, Bakabe, Musulmi, bai wuce sa'an Iliyana ba. Da aka gama gwaje-gwaje aka ba ni magani, ya ja kujera ya zauna. Ya ce, "Mama, wagga ƙwaya ba a barinta kwatsam. Zuciya ta saba da birki, in kinka cire mata shi rana guda sai ta zabura. Allah ya kiyaye, taki ba ta yi rauni ba, amma kin kai bakin rami. Ko barinta za a yi, mu za mu rage miki kaɗan-kaɗan. Mi ya hana ki zo ki hwaɗa muna?"

Na ce masa ƙwayar ta kashe mini jiki da rai, ba na jin daɗi, ba na jin baƙin ciki. Ya ce sanyin hannu da kasala suna iya zama aikinta, kuma ana iya gyara yawanta ko a canza mini wata. Sai ya tambaye ni, "Rashin jin nan, yaushe ya fara?"

Na koma baya ina lissafi. Ya fara ne ranar da na fito da kofin ruwa a hannu. Mako uku kafin in taɓa ganin ƙwayar.

Da ya fita, Sista Talatu ta ce mu yi addu'a. Na ce mata ba ni da addu'a. Ta ce, "Faɗi abin da yake akwai." Sai na ce, "Ubangiji, ba na jin komai. Na gwada ka da raina, ka gafarta mini. Ga ni haka, in kana karɓar irina." Iyakarta ke nan. Ban ga haske ba, ban ji murya ba. Ruwan da aka ɗaura mini yana ta ɗiga, a waje mai kifi tana talla. Amma nauyin nan na ƙirji ya sauka, kuma tun ranar ban sake jin cewa sai na yi wani abu kafin Allah ya dube ni ba.

Kafin a sallame ni, Sista Talatu ta ɗora yatsuna biyu a wuyan hannuna, ta koya mini ƙirga bugun zuciya na minti ɗaya. Ta ce in ya sauka ƙasa da hamsin, ko jiri yana ɗibana, in tafi asibiti. In na manta ban sha ba, kada in haɗa biyu washegari. In zan tashi daga kwance in tashi a hankali. Ko maganin mura zan saya a kemis, in faɗa musu abin da nake sha.

Na dawo Gwadangaji, na buɗe ƙofa, ga katin nan a bakin taga inda na bar shi, ya yi ƙura. Likitana na nan Birnin Kebbi ya rage mini yawan ƙwayar, kasalar ta yi sauƙi. Yanzu ƙarfe bakwai na safe nake sha, kuma ba na bari ta ƙare kafin in karɓo wata. Kowace Laraba Mama Pasto takan zo mu zauna, wani lokaci mu yi maganar Malam Dauda, wani lokaci mu tsince shinkafa kawai.

Ba zan yi muku ƙarya a gidan Allah ba, har yau ban yi kukan mijina ba. Amma shekaranjiya da safe, ina zaune bakin gado da yatsu biyu a wuyan hannuna ina ƙirgawa, sai na tuna daidai wurin nan yakan riƙe ni in za mu shiga kwalekwale a Zauro, don ya san ina tsoron ruwa. Ƙirgar ta ɓace mini. Idona ya yi zafi. Hawaye bai fito ba tukuna, amma ya yi zafi.

Don wannan nake gode wa Yesu, da kuma don raina da na yi wasa da shi bai karɓe ba. 'Yan'uwa, ku dogara gare shi, ku kuma sha maganinku. In kana nan zaune ba ka jin komai kamar ni, kada ka je kana tsokanar zuciyarka don ta motsa. Ka zo masa haka nan, yana karɓa. Ni ma haka na zo yau, na sha ƙwayata da safe kafin in fito. Amin.