Waƙar Uwa Ba Ta Shiga Waya

A rumfar jiran jirgin ruwa a ƙasar Tonga, inda masu makoki ke ɗaura tabarma a ƙugu, Lopeti na ta tsaki kan wayarsa. Matar gefensa ta leƙo.

"Bawan Allah, lafiya?"

"Waƙar marigayiya mahaifiyata ce. A tsarin sauti na WAV aka ɗauke ta, nauyi ya hana ta isa wurin ƙanwata. MP3 mara nauyi zan mai da ita in goge wannan."

"Kul! MP3 datsewa yake, abin da ya zubar ba ya dawowa. Mai da ita FLAC, shi naɗewa kawai yake, nauyi ya ragu ba a zubar da komai ba."

"Ai an ce kunne ba ya bambancewa."

"Wannan tabarmar makokin da ka ɗaura a ƙugu ta yi maka yawa. Me ya hana ka datse ta?"

"Haba, baiwar Allah! Ta kakata ce fa."

"To?"

Lopeti ya yi dariyar da rabonsa da ita tun jana'iza.

"Matso ki nuna min naɗin."