Alamar da Na Rasa a Littafin Farfesa

Mai girma Magajin Gari, malaman jami'a da suka taso daga Paris, Madam Odile Malaval, matar marigayi, da 'ya'yanta, maƙwabta, ina gaishe ku. Sunana Solène, 'yar mai gidan burodi, shekarata goma sha biyu. Na can baya, idan ba kwa ji na ku yi haƙuri, a aji ma haka ake cewa.

Mu a garin nan mun san Farfesa Honoré Malaval da sayen burodi ɗaya da tambaya goma. Ya kasance yana son sanin dalilin da Baba ke tsaga saman burodi sau biyar, ba huɗu ba. Baba ya ce haka ya tarar. Farfesa ya ce, "To wa ya fara?" Baba ya ce, "Farfesa, akwai layi a bayanka."

Ya kasance malamin sakandare tun farko. Wata rana a gidan tarihi ya ga ɗan allon yumɓu mai rubutu kamar sawun kaji, ya tambayi mai gadi me aka rubuta. Mai gadi ya ce aikinsa hana taɓawa ne. Sai ya koma jami'a yana ɗan shekara talatin, don ya koyi rubutun mutanen Babila. Sau tara yana zuwa haƙa a bakin kogin Furat. Shekara talatin da huɗu yana koyarwa.

Ya kasance mai haƙuri. Ya taɓa samun rabin wasiƙar wata mata zuwa ga mijinta a kan allon yumɓu, ta karye daidai inda ta ce, "Idan ba ka dawo ba..." Shekara goma sha ɗaya yana neman ɗaya rabin. Madam Odile, kin ce mini ranar da ya same shi ko takalmi bai cire ba ya karanta miki. Matar cewa ta yi za ta sayar da jakinsa.

Ni ba na iya yi masa magana. A jikin takardar burodinsa nake rubuta tambayata. Ya lura ina zane a kan ƙullu da tsinke, sai ya sa mini suna Magatakarda. Duk Laraba yana mulmula yumɓu kamar waina, yadda malaman Babila ke yi: ya rubuta layi a gaba, ni in kwafa a baya. Alamominsu ne, amma harshenmu. Yakan ce, "Magatakarda, hannunki ya yi surutu, bakinki fa?" Sai in kalli ƙasa.

Bayan ya rasu, Madam Odile ta ba ni allo na ƙarshe a naɗe da jiƙaƙƙen tsumma. Na ajiye shi a firjin shago, saura kaɗan Baba ya gasa shi. Na karanta layi biyun da ya rubuta a kai: "Solène za ta yi tambaya da baki. Honoré zai samo mai amsawa." Amma a ƙasa akwai wata alama mai lanƙwasa kamar jinjirin wata. Rubutun nan kuwa ba ya lanƙwasa. Mako uku ina duba littafin alamomin da ya ba ni, shafi bayan shafi, babu ita. Gefen allon ya fara tsagewa. Idan ya bushe ba zan iya kwafa ba, kuma maganarsa ta ƙarshe ce gare ni.

Yau da safe aka nuna mini Farfesa Mireille Castanet, ɗalibarsa ta farko. Sau uku ina wucewa ta gabanta. Ba ni da takarda. A na huɗu na tsaya na ce, "Madam, wace alama ce wannan?"

Ta sa tabarau, ta duba, ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Tsohon nan bai bar halinsa ba. Yarinya, ba harafi ba ne. Farcensa ne."

Na ce, "Kuskure ya yi?"

Ta ce, "A'a. A can Babila, wanda ba shi da hatimi farce yake dannawa idan ya ɗauki alkawari. Ba darasi ya bar miki ba, yarjejeniya ce. Daga asibiti ya bugo mini waya, ya ce kada in kuskura in fara yi miki magana. Tun ɗazu ƙafata ke ciwo ina jiranki."

Madam Odile, ku iyalansa, mijinki ya cika nasa alkawarin. Farfesa Castanet ta ce irin wannan yarjejeniya ba ta ƙulluwa sai da shaidu. Ga allon, tsakiyarsa da sauran danshi. Ku ne shaidu. Ga nawa farcen kusa da nasa.

Na gode da kuka yi shiru har na gama. Ubangiji Ya ba shi hutu, Ya ba iyalansa haƙuri, mu kuma Ya bar mu da masu amsa mana.

Baba, har yanzu ba ka faɗi wanda ya fara tsagawa sau biyar ba.